Kunyar Ɗan Fari da Ramin Bayan Gidanmu

Assalamu alaikum Tanti Hindou.

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma don Allah kar ki saka sunana. Na daɗe ina karanta filin nan naki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba, don ni ko a aji malam ya kira sunana sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun yanzu kuma in faɗa miki, ba zancen saurayi ba ne. Na san shi 'yan mata suka fi kawo miki. Ni samarina duk cikin littafi suke, kuma har yau babu wanda ya ɓata min rai a cikinsu.

Gidanmu yana Tourou, can gefen Parakou inda gidaje suka fara tsinkewa. Babana dillalin shanu ne a kara. Mamana tana da shagon atamfa a cikin gari, sai magariba take dawowa. Wadda ke riƙe da gida da rana kakarmu ce, mahaifiyar Baba, Hajo muke ce mata. Sai yayana Muktar, da yake rakiyar motar shanu zuwa kudu, yakan yi kwanaki ba ya nan. Sai matarsa Bashira, 'yar Djougou ce, da ɗansu na fari, Adnan. Bai cika shekara biyu ba, amma tun da ƙafarsa ta yi ƙwari ya daina zama wuri ɗaya.

Bayan gidanmu akwai filin wani mutum da aka ce yana aiki a Kotonu. Ya sa aka haƙa babban rami, wai na fos, wato ramin masai, na gidan da zai gina, aka buga bulo da ƙasar, daga nan ba mu sake ganinsa ba. Damina ta zo ta cika ramin. Rani ya yi ruwan ya ja baya, bana kuma ya sake cika har baki. Ciyawa ta rufe gefensa, bado ya fito, agwagin maƙwabta sun mai da shi nasu.

Tanti, ba zan ɓoye miki ba, ina son wurin nan. Akwai bishiyar yazawa a gefensa mai saiwa kamar kujera. In na gama aikin gida da la'asar, sai in fita ta ƙofar baya in zauna can in yi karatuna. A idona ba ramin fos ba ne, irin tafkin nan ne da ake haɗuwa a bakinsa a cikin labari, rana tana faɗuwa, a yi ta kallon ruwa an kasa magana. Har suna na raɗa masa a zuciyata, amma wannan ko ke ba zan faɗa wa ba. A gida ana min dariya, Hajo tana ce min amaryar kwaɗi.

To, ga abin da ya faru. Wata ranar Juma'a gwaggonninmu suka zo gaida Hajo. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ana hira, Bashira tana gefe tana tsintar shinkafa a faranti, kanta a sunkuye. Ni ina waje, a gindin yazawa. A littafin da nake karantawa na kai wurin da jarumin ya dawo daga tafiya ya tarar an daina masa magana, sai na ji ƙarar faranti daga cikin gida, tal, kamar an buga shi da ƙasa. Na ɗago kai. Sai ga Adnan a bakin ruwa, ya riga ya shiga har gwiwa, ya miƙa hannu yana son kama ɗan agwagwa. Kafin in miƙe santsi ya ɗauke shi ya zauna, ruwan ya rufe masa fuska.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bai yi kuka ba. Ko ɗan motsin da zai sa mutum ya waiga babu. A littattafai in mutum ya faɗa ruwa ihu yake yi, ya yi ta buga hannu har a zo. Shi shiru kawai, idonsa a buɗe, 'yar rigarsa ta kumbura a bayansa. Rigar na kama na fizgo shi. Ya yi tari, ya yi tari, sai a lokacin ya fashe da kuka.

Na shigo da shi duk mun yi caɓa-caɓa da laka. Matan suka kwashe da dariya. Hajo ta ce wai mijinta Adnan ya gaji da ganin miya ba nama, ya tafi su zai kamo mata kifi, ta ce kawo shi nan in ga abin da ya samo. Ɗaya daga cikin gwaggonnin ta dubi Bashira ta ce, kun ga 'yar gidan mutunci, ko gezau ba ta yi ba, ba irin yaran yanzu da za su yi ta ɗana ɗana a gaban surukai ba. Bashira tana durƙushe tana kwashe shinkafar da ta watse, ƙwaya ɗaya ɗaya. Ni kuwa bakina ya mutu. Ban ce musu fuskarsa ta nutse ba. Sun ɗauka a laka ya faɗi, na bar su a haka.

Bayan baƙi sun tafi na shiga ɗakin Bashira in mayar mata da rigarsa da na wanke. Na same ta bayan ƙofa ta rungume shi, ta cusa hancinta cikin gashinsa, tana kuka ƙasa-ƙasa. A nan ta faɗa min cewa ta gan shi lokacin da ya bi agwagi ya fita. Ta ce ta yi gyaran murya, ba wanda ya kula. Ta ce ta faɗa a hankali cewa kamar an bar ƙofar baya a buɗe, hira ta cinye maganar. Sunansa ya zo mata har kan harshe, ta dubi Hajo da gwaggonni, harshen ya ƙi. Shi ne ta saki farantin, don ta san ina waje. Ta ce a gidansu a Djougou haka aka rene ta, ita ma 'yar fari ce, kuma har ta yi aure ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. Ta roƙe ni kar in faɗa wa kowa na ga tana kuka.

Tun daga ranar idona ya buɗe. Ashe ba ramin kaɗai ba ne. In famfo ya ɗauke mukan cika tono, wato gangar ruwa, da manyan basin mu bar su a buɗe. Na ga Adnan ya hau kan turmin da aka kife yana leƙa cikin tono, rabin jikinsa a ciki. Bokitin wanke-wanke ma wasa yake da shi. Kuma gidan kullum cike yake da mutane, amma in ka tambaya wa ke duban yaron, kowa zai nuna wani. Hajo tana ganin uwarsa na nan. Uwarsa ba ta iya binsa a gaban Hajo. Mama tana ganin ta bar manya biyu a gida. Ni ce kawai nake binsa, kuma ba wanda ya sa ni, ba wanda ya ma lura.

Na gwada magana. Na ce wa Hajo ramin nan yana ba ni tsoro, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ita ta reni 'ya'ya da jikoki a gida mai rijiya ba murfi, babu wanda ya faɗa, Allah ne mai tsarewa. Baba kuwa na wuni ina shirya masa magana, na jera ta tsaf kamar yadda 'yan matan littafi suke yi wa iyayensu, har da inda zan tsaya in numfasa. Da ya shigo ya zauna yana cire takalmi, na durƙusa, abin da ya fito daga bakina shi ne Baba sannu da zuwa. Ya ce yauwa, kawo min ruwa. Shi ke nan. Kuma na san ra'ayinsa, na taɓa ji yana cewa filin wani ne, shi ba ya taɓa abin mutane.

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne tafiya zan yi. An yanke cewa in an koma lakwal, wato makaranta, zan koma Djougou wurin ƙanwar Baba, tun da 'ya'yanta suka watse ita kaɗai ce a gida, can zan ci gaba da karatu. Ba na ƙin tafiyar, har na fara tunanin yadda ɗakina zai kasance. Amma ruwan sama bai ɗauke ba, ramin yana nan a cike, kuma in na tafi wa zai ji ƙarar faranti?

Ina tsoron in na faɗi gaskiyar abin da ya faru a ce Bashira sakarai ce da ta ga ɗanta zai halaka ta zauna. In kuma na ce ta riƙa kiransa, a ce ina koya mata rashin kunya, ni da ban san komai ba sai karatun soyayya. Ina son Hajo, ba na son ta ji kamar ina zagin tarbiyyarsu. Wani lokaci har ina cewa ko in ƙi tafiyar ne, in ce ba ni da lafiya. Tanti, yaya zan yi? Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, a rubuce kaɗai nake iya magana.

Taki,
Mai karatu a gindin yazawa, Tourou

Wa alaikumus salam 'yata.

Allah ya yi miki albarka da hannun da ya kama rigar nan. Kin ce bakinki ya mutu ran nan, amma ƙafarki ba ta mutu ba, kuma ita aka fi bukata a lokacin. Yanzu saura bakin.

Abin da kika gani da idonki shi ne gaskiyar lamarin. Ƙaramin yaro in ya nutse ba ya ihu, don bakin da zai yi ihun yana cikin ruwa. Abin ba ya ɗaukar lokaci, kuma ba ya bukatar tafki. Ruwan da ke cikin bokiti ya isa, saboda kan yaro ya fi jikinsa nauyi, in ya kifa ba ya iya ɗagowa. Saboda haka tsoronki ba na littafi ba ne. Kina da gaskiya.

Amma ki yi wa Hajo da gwaggonninki adalci. Laka suka gani, shi ya sa suka yi dariya. Ba su ga fuskarsa a ƙarƙashin ruwa ba, kuma wadda ta gani ba ta faɗa ba. Ita ma kunyar ɗan fari ba mugunta aka gina ta a kai ba. A gidajen da, uwa tana janye hannu ne don akwai hannuwa da yawa da za su karɓa, kaka da gwaggo da 'yan mata cike da tsakar gida, ɗan fari nasu ne tun yana tsumma. Gidanku ya riƙe rabin al'adar ya saki rabi. Uwa ta janye, amma ba a ce ga wanda ya karɓa ba. Mamanki na shago, ke za ki tafi, ga kuma rami a bayan gida. Hausawa sun ce kunyar marar kunya asara ce, kuma ban san marar kunya irin ruwa ba. Ba ya sanin suruka na zaune.

Ki daina tunanin ƙin tafiya. Karatunki ba abin jefarwa ba ne, kuma yarinya ɗaya ba za ta zama murfin rami ba. Ko kina nan, wata rana za a aike ki, ko barci ya ɗauke ki. Aikinki shi ne ki bar gidan a yanayin da ba ya bukatar ki.

Ki fara da Hajo, kuma ki lura da wani abu. Al'adar da ta ɗaure harshen Bashira ita ce ta kwance naki. A duk gidan nan ke ce kaɗai kike da izinin faɗa wa tsohuwar nan abin da kika ga dama, don jika da kaka abokan wasa ne. Babanki ba zai iya ba, mamanki ba za ta iya ba. Wadda ke ce miki amaryar kwaɗi ta buɗe miki ƙofa da kanta. Ki same ta ita kaɗai, ba baƙi, ki shiga ta hanyar wasan. Ki ce mata saura ƙiris ta shiga takaba ran Juma'ar nan, mijinta mai kamun kifi ya kusa tafiya. In ta yi dariya, sai ki daina wasan ki faɗa mata dalla-dalla abin da kika faɗa min: ya zauna, ruwa ya rufe fuskarsa, bai yi kuka ba. Ba sai kin jera magana kamar ta littafi ba. In muryarki ta yi rawa, ki bar ta ta yi. In ta ce Allah ne mai tsarewa, ki ce haka ne, sannan ki tambaye ta ko ɗanta ya taɓa barin bijimi a kara ba igiya don Allah zai tsare.

Kukan Bashira amana ce, ki riƙe ta. Ba kya bukatar ta don a fahimce ki. Abin da za ki roƙi Hajo shi ne ita da bakinta ta umarci Bashira, a gaban mutanen gida, cewa in yaron nan ya doshi ƙofa ko ruwa ta tashi ta kamo shi, ko wa ke zaune. Abin da babba ya umarta ya zama biyayya, babu mai kiransa rashin kunya. In sunan ne ya yi nauyi, Hajo ta raɗa masa laƙabi da uwarsa za ta iya ɗaga murya da shi, an saba yin haka tun kafin a haife ni. Ita kuma Bashira ki gaya mata a hankali, ran nan ta yi sa'a kina waje, amma faranti ba zai sake isa ba. A bar gwaggonni su yi gulmarsu ta yini ɗaya, gulma ana warkewa daga gare ta.

Maganar ramin ta maza ce, amma ba sai kin durƙusa gaban Baba ba. Ki bi mamanki shago wata safiya ki faɗa mata komai, ita ta san lokacin da ake samun kunnen mijinta. Muktar ma a sanar da shi, ɗansa ne. Babanki yana da gaskiya da ba ya son taɓa filin mutane, kuma ba a ce ya cike ramin wani ba. Ya je wurin delege, wato mai unguwa, a nemo mai filin a waya, ya zo ya rufe ko ya ba da izini a kewaye. Ba Adnan kaɗai ne yaro a layinku ba, maƙwabta za su mara masa baya. Kafin wannan ya yiwu, ƙofar baya taku ce. A saka mata sakata can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa ko ya taka turmi, kuma a mai da rufe ta doka. Mutanen da ke kafa wa shanu shinge kafin hantsi ba za su kasa tare bakin rami ba.

Na cikin gida kuwa yau za ki fara, ba ya bukatar izinin kowa. Kowane tono ya samu murfi mai nauyi, ko katako da dutse a kai. Basin da bokiti in an gama aiki a zubar a kife. Turmin nan a raba shi da tono. Sannan a daina cewa gida cike yake da mutane. A riƙa ambaton mutum ɗaya, a ce yanzu yaron yana hannun wance, in za ta tashi ta miƙa shi ga wata da baki. Ranar taro da ranar baƙi aka fi bukatar wannan, don ran da ido ya fi yawa ran nan ne ba mai kallo.

Ki riƙe wannan ma, Allah ya sa kar a bukace shi. In aka ciro yaro daga ruwa ba ya numfashi, ba a riƙe shi kai ƙasa, ba a matsa masa ciki wai ruwa ya fito. A kwantar da shi a wuri mai tauri, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, wani kuma ya ruga neman taimako. Wannan ba a koyonsa a takarda, ki ja Bashira ku je asibitin unguwa ku roƙi a nuna muku da hannu. Yaron da ya shaƙi ruwa kuma, ko ya tashi yana wasa, a kai shi a duba ƙirjinsa. In babba ne ko ruwan mai zurfi ne, wanda bai iya iyo ba kar ya faɗa, ya miƙa sanda ko ya jefa jarka marar komai.

Saura magana ɗaya da ba za ki so ba, amma tantinki ce ni. Adnan ba agwagi kaɗai yake bi ba. Kullum da la'asar yana ganin wadda ya fi so a gidan tana buɗe ƙofar nan tana fita. Ba laifi nake ɗora miki ba, zaman naki ne ya cece shi. Amma daga yau ki yi sallama da gindin yazawa. Ki ɗauki sunan da kika raɗa wa tafkin ki tafi da shi, Djougou ba ta rasa inuwa ba. Karatunki kuma kar ki bari a sa ki jin kunyarsa, shi ya koya miki lura da abin da mutane ba sa faɗa, har kika gane ma'anar ƙarar faranti.

Kafin ki hau motar Djougou ki tabbatar da abu biyu. Ki ja ƙofar baya da hannunki ki ji ta ƙi buɗuwa. Sannan ki ji da kunnenki Bashira ta ɗaga murya ta kira ɗanta a tsakar gida, Hajo tana zaune a kan tabarmarta. In kin ji wannan, ki ɗauki jakarki da littattafanki ki tafi da zuciya ɗaya.

Allah ya raya Adnan, ya ba ki sa'ar karatu, ya tsare mana yaranmu daga ruwan da muka sani da wanda muka manta da shi.

Tanti Hindou